Kwafi na Uku

A shekarar da aka zaɓe ni kwas ɗin shugabancin aikin jinya, babu ma'aikacin gwamnati a Sakkwato da ke cin tuwo da daɗin rai. Sojoji ke mulki, kuma sun ce aikin gwamnati ya cika da ruɓaɓɓu, za su share. Kullum bayan la'asar sai a karanto sunaye a rediyo: wane an sallame shi don tsufa, wance don rashin lafiya, wane don ƙwazonsa ya ragu. In mai karantawa ya kai ƙarshen jeri sai ya ce, "nan take." Har yau in na ji wani ya faɗi kalmomin nan biyu, ko a kan cinikin barkono ne, sai in ji muryar mai karantawar nan a kunnena. Abin haushin ma, rediyon da muke jin wannan masifa da shi, arzikin man fetur ne ya saya mana. An yi mana ƙarin albashi, kowa ya ruga kanti, wannan ya ɗauko babur, waccan ta ɗauko keken ɗinki, ni kuma na ɗauko rediyo na aza bisa tagar ofishinmu ina taƙama. Da na san abin da zai riƙa faɗi, wallahi da tukunya na saya.

Ni nas ce a ɗakin mata na asibitinmu, shekara bakwai ina aiki ƙarƙashin mace ɗaya. Sista muke ce mata, ba ƙari, domin ko da akwai wasu sistoci a asibitin, in aka ce Sista ita ake nufi. Mutuniyar Filato ce, Kirista, gajeruwa mai faɗin kafaɗa, ta zo Sakkwato tun ina goye. Ta iya "munka" da "sunka" kamar a Ƙofar Taramniya aka yanke mata cibiya, amma har gobe sai ta nuna mace ta ce "ya zo." Mukan kwaikwaye ta in ta ba da baya, kuma ta sani. Mijinta malamin makaranta ne, ya rasu da daɗewa, ya bar ta da 'ya ɗaya da ke kwalejin horon malamai. A gidan gwamnati take zaune bayan asibiti, ta shuka gwanda da zogale a tsakar gidan. Shekara biyu kacal suka rage mata ta cika aikinta, ta tafi da fanshonta cikin mutunci. Shekara biyun nan su ne duk abin da take roƙon Allah, kuma ta sha faɗa mini haka.

A jikin shuɗiyar ɗamararta akwai makullin kabad ɗin magani, maƙale da wani babban fil. A aikinmu ba hula ce ke nuna shugaba ba, ba kuma ɗaga murya ba. Wadda makullin nan ke ƙugunta ita ce mai ɗaki.

Kullum ƙarfe biyu na rana takan buɗe kabad ɗin, ta ɗauko kwalba, ta miƙa wa nas ɗin da ke kusa da ita, ta ce, "Karanta, da ƙarfi." Sai ki karanta sunan maganin, da ƙarfinsa, da ranar da zai lalace, sannan ki ɗauki katin majinyaciya ki karanta sunanta da abin da likita ya rubuta. Sai ta ce, "Maimaita." Ki maimaita. Sai ta ce, "Daidai ne," sannan a ba da magani. In likita ya yi gaggawa ya rubuta abin da bai dace ba, tun ba ki rufe baki ba za ta ɗaga hannu: "Wannan mata bai kai nauyin wannan ba. Koma ki tambaye shi." Duk ma'aunin magungunan nan a kanta suke. Sauran ɗakuna suna yi mana dariya, wai 'yan firamare masu karatu da ƙarfi. Su yi ta yi mana! A shekara bakwai ɗina ban taɓa ganin an ba mace maganin da ba nata ba a ɗakinmu, kuma ba kowane ɗaki ne zai iya bugun ƙirji ya faɗi haka ba.

Tun kafin in fara aiki take wannan al'ada, shi ya sa ba wanda ya lura da ranar da al'adar ta zama dole. Ni ma tsautsayi ne ya nuna mini. Wata rana ina sauri na miƙa mata katin wata majinyaciya a juye, kansa a ƙasa. Ta ɗaga shi gaban fuskarta, tana bin layi da yatsa, tana gyaɗa kai kamar mai karatu. Na yi tsaye na kasa motsi. Shiruna ne ya gaya mata. Ta ajiye katin, ta ja hannuna zuwa ɗakin da muke ajiye zannuwan gado, ta turo ƙofa.

"Kin gani?" in ji ta.

"Na gani, Sista."

"Shekara uku ke nan yana ƙaruwa. Na je asibitin ido na mishan lokacin hutuna, can nesa, inda ba a san ni ba. Sun ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce ke mutuwa. Ina ganin mutum, ina ganin gado, ina ganin jini. Ƙananan rubutu ne suka tafi." Ta riƙe wuyan hannuna da ƙarfi. "Shekara biyu, 'yata. Ki riƙe mini bakinki shekara biyu."

Na rantse mata da Allah. Kuma na riƙe bakina, ko Innata ban faɗa wa ba. Hannuna ne ban riƙe ba.

Bayan 'yan watanni sunana ya fito cikin waɗanda za su yi kwas. Gwamnati na ta gina sababbin asibitoci, kuɗi kamar ba za su ƙare ba, amma babu isassun shugabannin jinya da za su riƙe su. Sai aka haɗa kai da wata jami'a aka shirya karatu na musamman ga irinmu da ke bakin aiki: da safe muna ɗakin majinyata, da yamma muna aji, in mun gama a ba mu babbar takardar shaida da za ta kai mutum har kujerar metiron, shugabar nas-nas ta asibiti duka. A wasu azuzuwan aro muke zama cikin gari, domin sabuwar jami'ar da ake ginawa can wajen Kwalkwalawa ba ta wuce bulo da ƙarafa ba tukuna. Manyan motocin siminti ke wucewa ta bakin tagarmu duk yini, sai malami ya dakata har su wuce sannan ya ci gaba.

Ba zan yi ƙarya ba, na so kwas ɗin nan kamar raina. Ni da na saba da fo da bandeji, ga ni ana koya mini yadda ake tsara jadawalin aiki, yadda ake raba aiki ga na ƙasa, yadda ake rubuta rahoton ƙarshen shekara a kan ma'aikaci, yadda ake zama a taro da likitoci ba a sunkuyar da kai ba. Kaina ya fara girma, na sani. Har tafiyata ta canza, in ji Inna. Sista kuwa murna take yi kamar 'yar cikinta ce aka zaɓa. Ita ta gyara jadawali don in riƙa tashi da wuri. Wata rana ta ce mini, "In kin gama, ki koyi sauran a hannuna har shekara biyun nan su cika, sannan in cire makullin nan in maƙala miki da kaina."

Malaminmu mutumin kudu ne, ya yi karatu a ƙasar Turawa, bai jin Hausa sai "sannu." Mutumin kirki ne ƙwarai, ban taɓa ɗora masa laifi ba. Kullum yana jiƙe da gumi, zafin Sakkwato ya hana shi sakat, yana ta nanata mana abu ɗaya: shugaba tana rubuta abin da idonta ya gani, ba abin da ke cikin littafin doka ba. Da karatu ya zo ƙarshe sai ya ba mu babban aiki. Kowace ta rubuta doguwar takarda a kan yadda ake tafiyar da ɗakin da take aiki a zahiri, da kyau da mummuna. Wata a cikinmu ta tambaya, to in abin ya shafi mutane fa? Ya ce ai akwai ƙa'ida, ba a sa suna. Sai ki ce Asibitin B, ki ce Sista A. In babu suna, babu wanda aka taɓa.

Jama'a, a Sakkwato! Garin da in ka ce "gajeruwar nan mai shuɗiyar ɗamara," mai goron bakin kasuwa zai raka ka har ƙofar gidanta. Shi dai malam a garin da maƙwabci bai san maƙwabci ba ya koyo ƙa'idarsa, yana da uzuri. Ni da aka haifa a nan, mene ne uzurina? Na ji ƙa'idar ta fito daga bakin mai digiri, da Turanci, sai na ɗauka ta fi abin da na sani tun ina rarrafe.

Kuma ina son in zo ta ɗaya, wannan ita ce gaskiyar da na daɗe ban faɗa ba. Na san sauran za su rubuta ƙarancin gadaje da rashin ruwan famfo, abin da kowa ya sani. Ni kuwa ina da abin da babu mai shi. A babin raba aiki na rubuta labarin karatunmu da ƙarfi, na nuna yadda yake hana kuskure, na nuna yadda yake horar da ƙananan nas-nas. Da na tsaya a nan da shi ke nan. Amma sai na ga labarin bai yi armashi ba in babu dalilinsa. Na zauna na rubuta jimla guda wadda na yi ta gogewa ina gyarawa har ta yi kyau: cewa Sista A, wadda ganinta ya shekara uku yana raguwa har ba ta iya karanta rubutun kwalbar magani, ta mayar da rauninta hanyar koyarwa da babu kamarta a asibitin. Wallahi tallahi yabo na nufa. Na karanta jimlar na ji daɗin kaina.

A tsakar gidanmu na Ƙofar Taramniya nake rubutun, ranar Lahadi da hantsi, Inna na tsince shinkafa a faifai. Ta san Sista sarai, domin Sista ce ta yi jinyarta lokacin da ta kwanta asibiti, kuma tun daga nan gwanda ba ta yanke mana ba. Mu ma in Sallah ta zo da naman layya ake kai mata.

"Ke, mi kike ta rubutawa hakanga tun da sahe?" in ji Inna.

"Aikin makaranta na, Inna. Labarin wurin aikinmu."

"Har da matag ga mai aiko muna gwanda?"

"Har da ita."

"Ta san kina rubuta ta?"

"Ai ban sa sunanta ba."

Inna ta ajiye faifan ta dube ni. "To in ba ki sa sunanta ba, sai ta zan wata? Ni dai ban yi boko ba, amma wagga shekara ban ga wanda anka rubuta cikin takarda yat tashi lahiya ba."

Na ji haushi. Na ce mata wannan harkar jami'a ce, ba harkar soja ba, ta bar abin da ba ta sani ba. Haka na ce wa mahaifiyata, da bakin nan nawa. Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsince shinkafa.

Na kai wa mai tafireta. Ya ce kwafi uku aka ce kowa ya kawo, ya saka takardar kabon biyu a tsakani ya buga. Ɗaya na jami'a, ɗaya nawa. Na uku fa? Ban tambaya ba. Na ga an ce uku, na kai uku. Sai daga baya na san cewa duk wadda gwamnati ta ɗauki nauyin karatunta, kwafi na uku ofishin da ya tura ta ake kaiwa, a saka a fayil ɗinta, don a shaida ba yawo ta je ba. A shekarun baya kwafin nan ko ɓera bai damu da shi ba. Amma a wannan shekara akwai kwamitin da aka zaunar a ofishin, aikinsa kawai ya buɗe fayiloli ya nemo wanda za a sa a jeri.

Ranar da za mu tsaya mu kare abin da muka rubuta, mutum uku na tarar a bayan tebur. Malaminmu, da wata malama da ta zo daga jami'a, da wani mutum mai farar babbar riga da ban sani ba. Aka ce wakilin ofishin da ya turo mu karatu ne, ya zo sa ido kawai. Malaman biyu suka yi ta tambaya, ina ta amsawa, malaminmu na murmushi kamar shi ya haife ni. Mai babbar riga kuwa takarda kawai yake dubawa. Kwafin da ke gabansa mai dishi-dishin rubutu ne, na ƙarshen kabon, kuma na hango ya lanƙwasa kunnen shafi ɗaya. Sai da aka ce an gama, na miƙe, sannan ya yi magana, da Hausa, a hankali, don malaman kada su ji abin da ake cewa.

"Malama, wagga Sista A, har yanzu ita ad da makulli?"

Na ce, "Misali ne kawai, ranka ya daɗe."

"To, madalla," in ji shi. "Iyalina ta kwanta ɗakinku bara. Ta ce kuna da karatu da ƙarhi." Ya rufe takardar ya saka cikin jakarsa.

Ban san yadda na fita daga ɗakin ba. Na jira malaminmu a baranda na gaya masa abin da ya faru. Ya yi ta maimaita, "Amma ai babu suna, babu suna," yana share gumi. Ya yi alkawarin zai rubuta wasiƙa cewa takardar ɗalibi ba hujja ba ce. Na yarda ya rubuta, ban dai san wanda ya karanta ba. Washegari na nemi izini na tafi ofishin da kaina. Soja na tsaye a bakin ƙofa da bulala a hannu, yana korar masu zuwa a makare. Na samu akawun da ke riƙe da fayilolinmu, tsohon abokin babana, na ce masa akwai kuskuren tafireta a takardata, ya ba ni in gyara in dawo da ita. Ya dubi ƙofa, ya dubi taga, ya ce, "Ɗiyata, takardarki ta hau sama tun jiya. Abin da ya hau sama yanzu ba ya saukowa ta hannuna. Tahi, kada a gan ki nan."

Kwana goma sha ɗaya na yi ban gaya wa Sista ba. Ku ce mini matsoraciya, haka nake. Kullum da safe sai in shirya maganar a hanya, in na shigo na gan ta tana duba gadaje, tana taɓa goshin wannan, tana yi wa waccan faɗa don ta ƙi shan kunu, sai in fasa. Na riƙa gaya wa kaina ƙila su manta, ƙila jerin ya cika, ƙila mutumin ya tuna alherin da aka yi wa matarsa. A cikin kwanakin nan sakamako ya fito, na zo ta ɗaya. Sista ta rungume ni a gaban kowa, ta ce, "Wannan yarinya ya fi su duka, ni na sani!" Washegari ta zo da gwanda biyu manya a kwando ta ce in kai wa Inna. Na kai. Inna ta dubi gwandar ta dube ni, ta ce in ajiye can. Har suka ruɓe ba wanda ya yanka.

Bayan la'asar kuwa sai rediyo. Ba mai cewa a kunna, ba mai cewa a kashe. Sai mu taru a ofis, kowa ta nemi abin riƙewa. Sista takan zauna tana naɗe bandeji, aikin da hannu ke yi ba ido ba. Aka karanto mai kula da sito, aka karanto wani dattijon malamin asibiti da ya yi wa rabin garin allura. Duk sunan da ya fara da harafin sunanta sai in saci kallonta. In aka ce "nan take" aka saka kiɗa, sai ta ce, "Mun gode Allah, yau ma mun kwana," ta miƙe. Ni kuwa sai in shiga bayi in wanke fuska.

Nata hukuncin ba ta rediyo ya zo ba. Ranar Talata ce, ana zafi kamar a bakin murhu, saura kaɗan biyu ta yi. Masinjan ofis ya jingine kekensa a bakin baranda, ya shigo da ambulan biyu ruwan ƙasa, ya ba ta ɗaya, ya ba ni ɗaya, ya fita da sauri ko gaisuwa bai jira ba. Sista ta shafa ambulan ɗin da yatsa, ta ji hatimin da ke bayansa. Ta ce wa sauran nas-nas su je su shirya keken magani. Ta turo ƙofar ofis, ta yage bakin ambulan, ta miƙo mini takardar.

"Karanta, da ƙarfi."

"Sista, don Allah..."

"Wa zan ba? Karanta."

Na karanta. Da Turanci take, gajeruwa. An sallame ta daga aiki nan take. Kuma kora ce, ba ritaya ba, domin ta ɓoye wa hukuma lalurar da ta shafi aikinta, saboda haka babu fansho. Ta bar gidan gwamnati cikin mako biyu. Haka kuwa aka yi daga baya: ta kama ɗaki ɗaya a unguwar Gidan Dare, ta riƙa soya ƙosai har 'yarta ta gama kwaleji ta ɗauke ta suka koma gida, gwandar kuma wani ya tare a gidan gwamnatin ya ci. Amma a wannan rana ban kai nan ba tukuna, ina tsaye da takarda a hannuna, domin akwai sauran sakin layi ɗaya. An ce hukuma ta dogara ne da wani rahoto, ga kuma abin da rahoton ya ce. Suka kwafo jimlata, ba su canza ko waƙafi ba, sai dai sun yanke ta daidai inda yabon ya fara. Na karanta ta da muryata: wadda ganinta ya shekara uku yana raguwa har ba ta iya karanta rubutun kwalbar magani.

Ina jin ƙarar keken magani ana turo shi a baranda, ƙafarsa ɗaya na ƙugi kamar kullum.

"Maimaita wurin nan," in ji ta.

Na maimaita.

"Daidai ne," ta ce. "Shekara uku. Mutum ɗaya na gaya wa shekara uku."

Na durƙusa a gabanta da fararen kayana, na kama ƙafarta. Na ce yabonta na yi, na ce sun yanke rabin maganar, na ce ban sa sunanta ba, na ce in ta yarda zan ɗauko kwafina in karanta mata duka ta ji. Ina magana ina jin yadda maganar ke fita ba nauyi. Da ta mare ni da na ji sauƙi, wallahi da na gode mata. Ba ta mare ni ba.

"Na ji," in ji ta. "Kin yabe ni da kyau. Tashi, kayanki za su yi datti."

Na tashi. Ta ce, "Taki takardar fa?" Na ce ban buɗe ba. Ta ce, "Ba sai kin buɗe ba, na san abin da ke ciki. Ai ba za su bar ɗaki ba mai shi ba."

Ta kai hannu ƙugunta ta ɓalle babban fil ɗin. Ta lalubo ɗamarata da yatsunta, ta ja ni kusa, ta soka. Ba ta ga inda take sokawa ba, fil ɗin ya wuce ɗamara ya shiga fatata. Ban motsa ba. Ta rufe shi, ta ɗan ja makullin ta tabbatar ya kama, kamar yadda take yi wa nata kowace safiya.

"Da kin jira, da haka zan yi miki," in ji ta. "Har da waƙa ma."

Ta cire hularta ta ninke ta saka a jaka. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba. "Biyu ta yi, mata suna jiran magani. Ta gado na huɗu kada a ba shi na jiya, likita ya canza. Kuma ki sa wata ta riƙa karanta miki da ƙarfi, ko da idonki garau ne." Ta fita ta bi baranda, hannunta ɗaya na shafar bango.

Na fito. Nas-nas uku na tsaye bakin kabad suna jira. Suka dubi ƙuguna, suka dubi juna. Na saka makullin na buɗe, na ɗauko kwalbar farko na ɗaga ta gaban fuskata. Wallahi ko harafi ɗaya ban gani ba, ruwa ya cika mini ido. Na miƙa wa ta kusa da ni, na ce ta karanta.